Sumbar Kyaftin

Erdington, Birmingham
Farkon watan Satumba

Zuwa ga Yayata, Hajiya Zinatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar, ya Manchester da ruwanta da ba ya ɗaukewa? Ki gaishe min da ɗanki Dokta Abdussalam da iyalinsa. Na san za ki ce me ya hana ni kiran waya. To ke kunnenki ya yi nauyi, sai na yi ta ihu maƙwabta sun ji, kuma maganar da ke bakina ba ta ihu ba ce. Ban da haka ke kika koya min rubuta Hausa a teburin kicin ɗinki, lokacin ina 'yar unguwar Nima ta can gida da na iya surutu ban iya rubutu ba. Sai ki yi haƙuri da hannun ɗalibarki.

Yaya, ki zauna kafin ki ci gaba. Ina da kare. Ni Abiba da kika sani, mai tsallaka titi in ta hango kare, yau wata uku ke nan ina dafa wa kare abinci. Kyaftin ne, ɗan guntun nan mai ruwan ƙasa na Eli maƙwabcinmu. Bayan Babbar Salla Eli ya faɗi a kicin, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Da masu motar asibiti za su fita da shi, ya sa hannun da ya rage masa ya kama ƙofar lambu ya ƙi saki, ya dubi karen, ya dube ni. Danginsa na Jamaica duk sun ƙare, ɗansa ɗaya yana Kanada, shi kuma ya ce a waya a kai karen inda ake tara marasa masu. Me zan ce? Mutumin da ya daɗe yana tuƙa bas tare da marigayi Braimah mijina, wanda ya kawo mana hita a sanyinmu na farko a ƙasar nan. Na share ɗakin katakon da Braimah ke ajiye kayan aiki a lambun baya, na shimfiɗa tsohon bargo, na ce wa karen nan ne iyakarka.

Kin tuna wasan da marigayiya Verna matar Eli ta koya masa? Mutum ya taɓa kumatunsa da yatsa biyu, sai Kyaftin ya yi tsalle ya lashi wurin, wai sumba ke nan. Mu muna leƙe ta kan shinge muna a'uzubillahi, Verna tana dariya har da riƙe ciki. Bayan rasuwarta, kullum da safe sai Eli ya karɓi sumbarsa kafin ya sha shayi. Ya taɓa ce min ta Verna ce ta bar masa ajiya a wurin karen.

Da karen ya dawo hannuna na ce wannan kam ba da ni ba. Ga alwala, ga kayan salla. Duk sanda na sunkuya zuba masa abinci ya miƙo baki wajen fuskata, sai in cire silifas in buga a ƙasa in daka masa tsawa. Ban taɓa dukansa ba, Allah ne shaida. Amma ko kumatu na sosa ya taso, sai tsawa. Kafin wata ya zagayo ya horu, har ina yabon kaina a zuci.

Yanzu Eli yana wani gidan kula da tsofaffi can hanyar Sutton. Akwai wata nas a wurin, Nentawe, 'yar Filato, Hausa a bakinta kamar ke. Ita ta ce min suna yarda a kawo kare ranar Lahadi. Na ɗauko shi muka hau bas, ni da hijabina shi da igiyarsa, mutane sai kallonmu suke. Muka tarar da Eli a kujera bakin taga, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Yana ganin karen idonsa ya kawo haske. Da ƙyar ya ɗaga hannun hagu ya taɓa kumatunsa. Kyaftin ya ruga ya ɗora ƙafafu a gwiwarsa, sai kuma ya tsaya cak, ya kwantar da kunnuwa, ya kau da kai, ya sauka ya shige ƙarƙashin gado. Eli ya sake taɓawa. Ya sake. Daga nan hannun ya faɗi a cinyarsa, hawaye suka zubo.

Na yi masa bayani da Turanci, na ce laifina ne. Nentawe ta ja ni gefe ta ce, "Mama, long explanation ba ya shiga kansa yanzu. Abin da ya gani da ido shi yake riƙewa." Abin da ya gani kuwa shi ne karensa ya manta da shi.

Yaya, tun ranar abinci ba ya min daɗi. Amana ya ba ni, na lalata masa ita da silifas. Ki faɗa min yadda zan yi.

Ƙanwarki,
Abiba


Whalley Range, Manchester
Tsakiyar Satumba

Zuwa ga ƙanwata Abiba, Maman Sadique,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta same ni lafiya, ina fata wannan ma ta same ki haka. Ƙafa da sauƙi, alhamdu lillahi. Rubutunki ya gyaru, sai dai har yanzu ba kya son waƙafi, kamar yadda ba kya son numfasawa in kina magana.

Na yi dariya a farkon takardar, na ƙare ta da kuka. Allah ya ba Eli sauƙi. Na ajiye ta na daɗe ina tuna layinmu na Erdington, gida uku a jere, namu da naku da nasa. Kin tuna kek ɗin Kirsimeti? Verna takan yi biyu, nasu mai giya, namu babu, ta ɗaura wa namu koren zare don kada a yi kuskure. Mu kuma ranar layya cinya guda tasu ce. Kin tuna yadda Eli kan tsaya da bas a bakin kasuwa in ya hango mu da ledoji, yana yi kamar madubi yake gyarawa har mu iso? A daren da naƙudar autata ta tashi, marigayi Halliru mijina yana wurin aiki, ƙanƙara ta rufe titi, Eli ne ya kai ni asibiti da rigar barcinsa a ƙarƙashin kwat. Nan inda nake yanzu gidan ɗana ne, ba abin da na rasa, amma ban san sunan wanda ke jikin katangarmu ba.

Na yi miki abu biyu. Na farko, bayan karatun mata na ranar Asabar na tambayi Malam Ubaidullah, ban ambaci sunanki ba. Ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya dabba mai rai ba najasa ba ce, har yawunta, kuma lasar kare ba ta karya alwala. Wanke kwanon da ya sa baki a ciki hukunci ne daban. Ya ce wasu malaman suna da wata fahimtar, don haka wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya wanke wurin. Ruwa dai bai ƙare a Birmingham ba.

Na biyu, GP, wato likitanmu na unguwa, ya ɗora min tafiyar ƙafa kullum da hantsi a filin shaƙatawa na unguwarmu. Akwai wata Baturiya da nake gani da karnuka huɗu suna bin ta kamar 'yan makaranta. Na cire kunya na tare ta. Ta ce kare ba ya manta irin wannan abu, tsoro ne ya danne shi. Ga abin da ta ce a yi. A shafa ɗan abin da yake so a kumatu, kamar niƙaƙƙiyar gyaɗa wadda ba gishiri ba sukari. A taɓa wurin da yatsa biyu a jira shi, ban da jan igiya. In ya lasa a yabe shi da murya mai laushi, a ba shi ɗan nama. Kaɗan-kaɗan ake yi, kada a gajiyar da shi. In ya saba sai a daina shafa gyaɗar. Ta ƙara da cewa wanda ya sa masa tsoron shi ya fi dacewa ya cire masa.

Murya mai laushin nan ce nake jiye miki, don ban taɓa jin ki da ita ba. Gyaɗa kuwa na san kina da ita, ke da ba kya kwana uku ba ki yi miyarta ba.

Ki gaishe da yara, Sadique da Ubaida, in kun yi waya. Allah ya dafa miki.

Yayarki,
Zinatu


Erdington
Watan Oktoba

Yaya Zinatu,

Salamu alaikum, ya gida, ya jikoki? Na gode da wahalar da kika sha, har da tare Baturiya a hanya. Da ma na ga wannan da idona.

Na bi maganarta, amma na ɗan yi gyara. Na ce ai ba lalle sai kumatuna ba. Na fara da tsohuwar muciya, na shafa mata gyaɗa, na taɓa ta da yatsa biyu. Ranar farko ya tsaya daga nesa yana haɗiyar yawu. Rana ta uku ya lashe ta tas. Daga nan na koma safar roba ta wanke-wanke, ita ma ya karɓa. Sai na ce saura abu mai kama da kai. Kin san watan nan kantuna cike suke da manyan kabewa na bikinsu na dodanni. Na sayo ɗaya na ɗora a kan kujera, na zana mata ido da baki, har na yafa mata tsohon ɗankwalina. Yaya, ki zo ki ga aiki. Ina taɓa kabewar nan zai yi tsalle ya sumbace ta, ko babu gyaɗa. Har rawa na taka a lambu.

Lahadin da ta wuce na ɗauke shi muka tafi, ina tafe ina jin kaina. Mun tarar Eli ba ya kujera, yana kwance ya juya wa ƙofa baya. Nentawe ta taimaka muka juyo da shi. Ya ga Kyaftin, ya daɗe yana kallonsa, amma bai ɗaga hannu ba. Na yi ta nuna masa, ina cewa ka taɓa mana, yanzu ya iya. Can ya daure ya taɓa. Karen ya matso har ina jin numfashinsa, ya kai hanci dab da fuskar, sai ya janye ya koma bayan ƙafata yana rawar jiki. Ashe ni kabewa na koya masa. Fuskar mutum tana nan a haramce yadda na bar ta.

Eli bai yi kuka ba wannan karon. Rufe ido kawai ya yi, kuma wannan ya fi min ciwo. A bakin ƙofa Nentawe ta ce, "Mama, tun last month ya rage cin abinci. GP ya zo, mun kira ɗansa. In ba kya da tabbas, please kada ki sake sa shi ya gwada. Kowane gwaji yana rage masa wani abu."

To bari in faɗa miki gaskiya. Maganar Malam na ji ta, kuma na yarda. Matsalata ba ta littafi ba ce. Ina yarinya a Nima, ban fi shekara shida ba, na tsinci wani ɗan kwikwiyo a bakin babbar kwatar nan na rungume shi, ya lashe min fuska ina ta dariya. Mma, mahaifiyata, ta fito ta gani. Ta kai ni bayan ɗaki ta dirje min fuska da yashi da toka har fata ta saluɓe, tana dirza tana kuka, wai na jawo mana abin faɗa a Zango. Mako guda ban iya wanke fuska da sabulu ba. Allah ya jiƙan Mma, abin da ta sani ke nan. Amma har yau in na ga harshen kare sai tsigar jikina ta tashi, in ji ƙaurin tokar nan a hancina.

Sannan shingen lambuna gajere ne. Gidan da kuka tashi yanzu su Nana A'isha ne a ciki, wadda muke karatu tare a masallacin Sparkbrook. Kabewa ma da ta gani sai da ta tambaye ni ko lafiya. In ta ga kare yana lasar fuskata, kafin Juma'a labari ya kai Kumasi.

Na yi iya yina, Yaya. Na ciyar da shi, na wanke masa wuri, na hau bas da shi ana kallona. Wa ya ce dole sai na ba da fuskata? Shekarata sittin da ɗoriya, ba yanzu zan canza hali ba. Ki ce min na fita haƙƙinsa, ko zan samu in yi barci.

Taki,
Abiba


Whalley Range
Ƙarshen Oktoba

Abiba,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Muna lafiya.

Kin nemi in ce kin fita haƙƙinsa. Ba zan faɗa ba, domin da kin yarda da hakan da ba ki tambaye ni ba. Labarin Mma ya taɓa min zuciya, kuma ban raina ƙyamarki ba. Ni ma da za a ce ni ce zan yi, ban san yadda za mu ƙare ba. Amma akwai abin da ya kamata ki sani, wanda na daɗe ina riƙe da shi saboda mai abin ya roƙa kada a faɗa.

Ranar da aka binne Braimah, ni da ke muna gida tare da mata, ba mu ga abin da ya faru a maƙabartar Handsworth ba. Halliru ne ya ba ni labari da ya dawo. Kin tuna irin ruwan da aka yi ranar. Eli ya bi su da kwat ɗinsa ta zuwa coci, baƙar nan da Verna ta saya masa. Da aka yi salla ya tsaya can baya, ya cire hula. Da aka sa Braimah a kabari aka fara mayar da ƙasa, ƙasar ta zama taɓo mai nauyi, kowa ya zuba kaɗan ya miƙa shebur ya nemi wurin fakewa. Sadique yaro ne lokacin, kuka ya hana shi komai. Sai Eli ya matso ya tambayi liman ko an yarda wanda ba Musulmi ba ya sa hannu. Liman ya miƙa masa shebur. Halliru ya ce su uku suka rage a kan kabarin har aka gama. Da shebur ya daina ɗaukar taɓon, Eli ya durƙusa ya riƙa turawa da hannunsa yana daidaita gefe. Takalminsa ɗaya ma a can ya maƙale.

A mota Halliru ya ce masa ya gode. Eli ya ce a al'adar gidansu shi tsoron gawa yake, ko ta mahaifiyarsa bai iya tsayawa a kanta ba. Ya ce amma ba zai bar Braimah a buɗe cikin ruwa ba. Ya roƙi Halliru kada a gaya miki, wai kada ki ji kamar ana bin ki wani abu. Shi ya sa da yamma ya zo miki gaisuwa da wata tsohuwar rigar sanyi, har kika ce min ko kwat bai iya sawa ba. Kwat ɗin ba ta sake sawuwa ba.

Na karya masa alkawari yau, Allah ya yafe min. Ban faɗa don in ɗaure ki ba. Na faɗa ne don ki san shi ma yana da irin tokarsa, kuma ya durƙusa.

Batun Nana A'isha kuwa, ki bar ta ta kai labarin Kumasi. Mutanen Kumasi ba su kawo miki hita ba.

Lokaci nake jin tsoro, ƙanwata. In za ki yi, ki yi yanzu.

Yayarki mai ƙaunarki,
Zinatu


Erdington
Watan Nuwamba

Yayata,

Salamu alaikum. Ki yafe min jinkirin amsa. Da na karanta takardarki na ji haushinki kwana biyu, na ji haushin Halliru, na ji haushin Eli, har Braimah da ba ruwansa sai da na ji haushinsa. Maganar da na yi a kan rigar sanyin nan kuwa, na tuna ta sarai. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa na yi kukan da ban yi ba tun ranar sadakar arba'in.

Rana ta uku bayan na idar da walaha na yanka kabewar na yi miya da ita. Na ɗebi gyaɗa na shafa a kumatuna na dama, na fita lambu na zauna a kan bokiti. Na taɓa da yatsa biyu. Kyaftin ya leƙo daga ɗakinsa, ya dube ni kamar mai cewa wannan tarkon na san shi, ya koma ciki. Haka muka yi ta yi kowace safiya, ni zaune cikin sanyi da gyaɗa a fuska, shi yana leƙe. Murya mai laushin da kike min gori na nemo ta. Ni kaina da na ji ta ban gane mai ita ba.

Sai wata safiya na lura ba fuskata yake kallo ba. Ƙafata yake kallo. Duk sanda na motsa, idonsa na kan silifas. Na ce kai, Abiba, Allah ya shirye ki. Na tashi na kai su cikin gida na rufe ƙofa, na dawo ƙafa ba takalmi a kan ciyawa mai raɓa, sanyi har cikin haƙorana. Na bar bokitin na zauna a ƙasa. Na taɓa kumatu, na rufe ido, ina karanta duk abin da ya zo bakina.

Na ji tafiyarsa. Na ji hancinsa mai sanyi a kunnena. Sannan ya lasa, sau ɗaya, da sauri, ya ja baya yana jiran tsawa. Yaya, ihu ya taso min, na danne shi. Na ce, "Yawwa Kyaftin, yawwa ɗan albarka." Na ba shi nama. Ya dawo ya sake, wannan karon wutsiya kamar za ta cire.

Abin da ban zata ba shi ne harshen da ɗumi. Ban san me na ɗauka ba, amma ban zaci ɗumi ba. Ina zaune a wurin sai na tuna tun rasuwar Braimah ba wanda ya taɓa min fuska. Yara suna zuwa su durƙusa su gaishe ni, su kawo kaya, su tafi. Sai na gane abin da Eli ke jira kowace safiya kafin shayinsa, na kuma gane girman abin da na ƙwace masa. Na yi kuka, karen ya lashe har da hawayen, ban hana shi ba.

Ina ɗaga kai sai ga Nana A'isha a kan shinge da kwandon shanya, baki buɗe. Na ce mata ina kwana. Ta ce lafiya lau, ta shige. Na shiga na wanke fuska da sabulu sau uku, kada ki ce na zama wata.

Yanzu kwana huɗu ke nan yana yi ba gyaɗa. Jiya mai kawo wasiƙa ya yarda na gwada a kansa, ya taɓa kumatu, Kyaftin ya ba shi tasa. Lahadi mai zuwa za mu je in Allah ya kai mu. Ki sa mu a addu'a, ni da malamin nawa mai ƙafa huɗu.

Ƙanwarki,
Abiba


Erdington
Ranar Asabar

Yaya Zinatu,

Salamu alaikum. Eli ya rasu yau da safe.

Ba mu kai Lahadi ba. Jiya da hantsi Nentawe ta kira ta ce, "Mama, kada ki jira Sunday, ki zo da shi yanzu." Na bar tukunya a kan wuta sai da Nana A'isha ta shiga ta kashe min.

Na cire takalmina a ƙofar ɗakin. Idonsa a buɗe yake kaɗan. Nentawe ta ɗora Kyaftin a kan gado. Na ga Eli yana so ya ɗaga hannun, hannun ya ƙi tashi, yatsu biyu kawai suka motsa a kan zanen gado. Karen yana zaune yana jira, ba wanda ya ba shi alama.

Fiye da shekara talatin muna maƙwabtaka ko hannu ban taɓa ba shi ba, shi ma bai taɓa miƙo min ba don ya san al'adarmu. Na sunkuya na taɓa masa kumatu da yatsuna biyu. Kyaftin ya dube ni. Na ce yawwa. Ya matsa ya sumbace shi, ya sake, ya sake, yana wani ɗan kuka a maƙogwaro.

Eli ya buɗe ido sosai. Gefen bakinsa mai lafiya ya ɗaga. Can sai yatsun nan suka sake motsi a kan zane, na gane ƙari yake nema. Na sake taɓa masa. Duk sanda suka motsa sai in taɓa, har barci ya ɗauke shi da kan karen a wuyansa.

Ya gani, Yaya. Ya san ba a manta da shi ba.

Ki gaishe da gida.

Ƙanwarki,
Abiba